In mun gaji da ƙwallo da harbi, wane wasa za mu sa?

 Yau maganar wasan Play za mu yi. Mun san tun kafin mu je ko'ina wani dattijo zai ce, "Kai, duk matsalolin da ke ƙasar nan ba ku ga na magana ba sai wasan yara?" To Baba, a yi haƙuri a saurare mu, domin abin da ke cinye wa yaro awa uku ko huɗu a yini ya wuce a ce masa ƙaramin abu.

Duk wanda ke zagaya unguwa lokacin hutun lakol ya san hoton. Rumfa ce ko ɗan shago, tele biyu ko uku, benci, igiyoyin wuta sun harɗe, yara sun cika maƙil har ƙofa. Biyu na riƙe da manet, goma na tsaye suna jiran layi, kowa da dala ashirin ɗinsa a dunƙule cikin hannu. In ka leƙa telen, ƙwallo ne: Real da Barsa, an gama a sake. A fada kuma, ana dafa shayi, samari huɗu sun sunkuya kan waya suna Free Fire ko PUBG, ba mai jin sallamar wani. In an canza ƙwarai, to GTA San Andreas ne, wasan da ya fito tun 2004, ana kwace mota ana tsere wa ƴan sanda.

Mu ma mun buga, har gobe muna bugawa, don haka ba wa'azi muka zo yi ba. Abin da muka lura da shi dai shi ne, waɗannan wasannin ba su da ƙarshe. Ƙwallo in ka ci sai abokinka ya ce a rama, in ya rama kai ma ka ce a rama. Na harbi kuwa haka aka gina shi: a kashe ka, ka sake shiga, mega na tafiya, ana tallata maka kaya da lu'ulu'un da sai da kuɗi ake samu. Kuma kowa ya san yadda a wasu wurare "wanda aka ci shi zai biya" ke rikiɗewa a hankali ya zama caca sosai. Wasan da ba shi da ƙarshe, ba shi ne zai ce maka tashi ba.

Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da za mu gwada wani iri, wanda masu Faransanci ke kira aventure, mu kuma mu ce wasan kasada ko wasan tafiya da labari. A irin wannan, ana ba ka mutum guda da wata damuwa tasa, ka bi shi daji da dutse, ka warware abin da ya sha masa kai, har ka kai shi inda za shi. Daga nan sunayen waɗanda suka yi wasan su hau tele, shi ke nan. Tatsuniya ce dai irin wadda kaka ke yi mana a tsakar gida, sai dai a nan kai ne ke tafiyar da Gizo. Kuma kamar tatsuniya, tana da ƙurunƙus. Ga waɗanda muke ganin sun cancanci a nema, mun jera su daidai da abin da mutum ke da shi a hannu.

Mu fara da wanda ya fi kwanta mana a rai, Brothers: A Tale of Two Sons. Wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2013, ƙarƙashin jagorancin Josef Fares, mai shirya fim wanda aka haifa a Labanan. Labarin wa da ƙane ne, mahaifinsu na kwance rai a hannun Allah, mai magani ya ce ba abin da zai tashe shi sai ruwan wata bishiya mai nisan gaske. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam zai yi murmushi, domin tafiya neman ruwan magani ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Abin da ya bambanta wasan shi ne yadda ake buga shi. Mutum ɗaya ke tafiyar da yaran biyu a lokaci guda, babban yatsan hagu na wan, na dama na ƙanen. Wan ne mai ƙarfin jan ƙarfe, ƙanen ne mai iya kutsawa ta ƙaramar kafa. Ƙanen na tsoron ruwa saboda a ruwa uwarsu ta rasu, don haka in an zo kogi sai ya ɗafe bayan wansa. Ba Faransanci ba Turanci a bakinsu, wani yare ne na ƙirƙira, amma ba abin da zai shige maka duhu. Cikin awa uku zuwa huɗu an gama. Akwai shi a PS3 da PS4 da kwamfuta, an kuma yi na waya. Ba za mu faɗi ƙarshensa ba, amma duk mai ƙane ko wa zai ajiye manet ya yi shiru na ɗan lokaci. Akwai wurare masu ban tsoro da mutuwa a ciki, don haka na samari ne, ba na ƴan firamare ba.

Na biyu shi ne Journey, na 2012, wanda ya fara fitowa a PS3 kafin ya zo PS4 da kwamfuta. Kana buɗe ido sai ka gan ka cikin rairayi, sanye da jar alkyabba, can nesa ga wani dutse mai haske a kansa. Ba wanda zai ce maka je can, amma za ka je. Babu bindiga, babu magana ko kalma ɗaya, babu maki. Ka hau tudun rairayi, ka sulalo ta ɗaya gefen, ka ratsa kangayen wani tsohon birni da ƙasa ta binne. Wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas da yamma, rana na shirin faɗuwa, zai ga launin da ya sani. In akwai intanet, wani lokaci sai ka haɗu da wani matafiyi irinka, mutum ne na gaske a wata ƙasa, ba ka san sunansa ba, ba ku iya magana, sai dai ku taimaki juna. In babu intanet ma wasan na tafiya lafiya lau. Awa biyu ya isa, wato ko ana wasa da wuta kana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Wannan kam yaro da babba duk suna iya zama a kansa.

Masu tsohuwar PS2 kada ku ce an manta da ku. Ku nemi Shadow of the Colossus, wasan ƴan Japan na 2005, wanda aka sake gina shi sabo don PS4 a 2018. Saurayi ne da dokinsa Agro da takobi da baka, a wata ƙasa da ba kowa. An ce masa in ya kashe wasu ƙattin dodanni goma sha shida, yarinyar da ya ɗauko a mace za ta tashi. Kowane dodo kamar tsauni yake, sai ka yi dabarar hawansa, ka riƙe gashinsa yana girgiza ka, ka lalubo inda lagonsa yake. Abin mamakin shi ne, duk wanda ka kayar, maimakon murna sai ka ji wani iri, domin yawancinsu suna zaman zamansu ka je ka tsokane su. Da wuya ka ga wasan da ke sa mai bugawa ya tambayi kansa ko abin da yake yi daidai ne. A PS2 ɗin dai akwai Prince of Persia: The Sands of Time na 2003, inda ɗan sarki ke da wuƙar da ke mayar da lokaci baya in ya yi kuskure. Tsalle-tsalle ne da hawan bango da warware tarko a cikin fada, kuma har yau bai tsufa ba.

Wanda kuma ya ce shi fa sai da ɗan hayaniya, to ga Uncharted 3 na 2011 a PS3, wanda ke cikin tarin ukun farko da aka haɗa wa PS4 a 2015. Nathan Drake, mai farautar dukiyar mutanen da, yana neman ɓataccen birnin Irama, wanda duk mai karatun allo ya san sunansa daga Suratul Fajri. Tafiyar ta bi ta Ingila da Faransa da Siriya da Yaman, ta ƙare a hamadar Rub'ul Khali ta ƙasar Larabawa. Akwai inda jirgin sama ya tarwatse da shi a tsakiyar rairayi, ya yi ta tafiya ba ruwa, ya iske rijiya ta ƙafe, ya fara ganin abin da babu. Mu da muke jin labarin waɗanda mota ta lalace da su a Tenere, wannan wurin ba zai zo mana kamar wasa ba. Gaskiya akwai harbi da yawa a ciki, kuma an yi masa alamar shekara 16.

Ga manya kuma masu PS4 ko PS5, akwai Assassin's Creed Mirage na 2023. An gina birnin Bagadaza na zamanin Abbasiyawa, wajen shekara ta 861, da kasuwanninsa da ganuwarsa da Baitul Hikma inda ake fassara littattafai. Kana iya sa muryoyin su koma Larabci, kana yawo kana jin kiran salla, kana tsintar bayanan tarihi a lungu-lungu. Ɗalibin da ya karanta tarihin Musulunci a takarda zai ji daɗin taka titunan da ƙafarsa. Amma mu faɗa da babbar murya: labarin ƙagagge ne, aikin jarumin kisa ne a ɓoye, kuma alamar 18 ke kansa. Ba na yara ba ne ko kaɗan.

To masu waya fa, waɗanda su ne mafi yawanmu? Alto's Odyssey na 2018, wanda wasu ƴan Kanada suka fitar, kyauta ne a Android, ba shi da nauyi, kuma in ka sauke shi ba ya neman mega. Sulu ne a kan tudun rairayi, da yatsa ɗaya ake yi. Gaskiya labarinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ma ba ya ƙarewa, don haka mun sa shi ne a matsayin na rage zafi lokacin jiran mota a tasha. Wanda ya fi shi nama shi ne Monument Valley na 2014 da na biyunsa na 2017, daga Landan. Gine-gine ne masu ruɗin ido, kana juya su har hanya ta ɓullo inda da babu. A na biyun, uwa ce mai suna Ro ke koya wa ɗiyarta hanya, har ranar da dole ta sake ta ta tafi ita kaɗai. Wannan muna roƙon a ba ƴan mata su gwada, domin a gidajen Play kusan ba ka ganin mace, alhali ba wanda ya ce wasan ƙwaƙwalwa na maza ne. Matsalar dai na saye ne, kuma sayen abu a Play Store na neman katin banki wanda ba kowa ke da shi ba. Sai a lallaɓa wani yaya ko kawu mai kati. A yi hattara da waɗanda ake turowa a waya wai an fasa su kyauta, sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi ba mu tunani. A 2016 wasu matasan Kamaru a Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, suka fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a kwamfuta. Labarin Enzo ne da matarsa Erine, waɗanda ɗan uwan matar ya yi wa juyin mulki a ranar aurensu da naɗinsu, suka fita neman ƙarfin da za su ƙwato ƙasarsu ta Zama. Suturar, kiɗan, fuskokin, duk na Afirka ne, kuma da Faransanci ake iya buga shi. Ka tuna fa su ma suna fama da ɗaukewar wuta irin tamu, amma suka yi. A 2024 kuma Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo a Ingila mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau bayan rasuwar mahaifinsa. Yaro ne da ya ƙi yarda da mutuwar babansa, ya shiga duniya yana neman a dawo masa da shi, har ya koyi haƙuri. Ana iya sa muryoyin da Swahili. Shi wannan sai PS5 ko Switch ko kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Sai Never Alone na 2014, wanda ya zo daga wuri mai nisan gaske da mu, ƙasar ƙanƙara ta Alaska. Mutanen Inupiyat, ƙabila ce ƴar ƙarama, suka ga yaransu na barin harshensu da labaransu suna bin tele. Maimakon su tsaya zagin zamani, sai wata ƙungiyar ƴan asalin Alaska ta haɗa kai da masu yin wasa, dattawa da masu ba da labari kusan 40 suka sa baki. Aka ɗauki wata tatsuniyarsu aka mayar wasa: yarinya Nuna da wata farar yanyawa suna neman mafarin guguwar da ta hana garinsu sakat. Mai ba da labarin da harshensu yake magana, kuma kana ci gaba ana buɗe maka gajerun bidiyo na dattawan suna bayanin al'adarsu. Wasan ya ci kyautar BAFTA a Ingila a 2015. Mutum biyu na iya bugawa tare, ɗaya yarinyar ɗaya yanyawar, kuma an yi na waya.

In ƙabilar da ba ta kai yawan mutanen birnin Maraɗi ba ta iya wannan, mu masu magana da Hausa miliyoyi me ya hana mu? Labari dai ba mu rasa ba. Ga Sarauniya ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya yi fim a 1986. Ga ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, inda madugu ke bin taurari, ruwa a ƙidaye, kuskuren kwana ɗaya na iya halaka raƙuma da mutane. Wace kasada ta fi wannan? Ga Bayajida da rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi da ba su ƙarewa. An ma fara, domin ɗan ƙasarmu Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi Les Héros du Sahel da jaruminsa Shamsou. Amma yaron da bai taɓa ganin wasa mai labari ba, wanda a saninsa Play ƙwallo ce da bindiga, ta ina zai yi mafarkin ya gina nasa? Mai son ya iya saƙa, sai ya fara ganin zane iri-iri.

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Wasa na cin lokacin karatu, yana sa a makara salla, yana sa yaro ya ɗauki canjin cefane. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, wato wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya bar karatu da aiki da mutane. Wasu kuma za su ce labaran nan cike suke da dodanni da tsafi da tayar da matattu, abin da ya saɓa wa aƙidarmu. Haka ne, akwai su, musamman a Shadow of the Colossus da Zau, shi ya sa muka faɗa tun da wuri. Tatsuniyoyinmu ma cike suke da dodo da aljan da kurciya mai magana, kuma ba su raba kowa da imaninsa ba, saboda akwai babba a kusa da ke cewa wannan ƙarya ce, ga darasin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wani wasa ba, ya bar shi ya ɗauki wani, jerin na da faɗi.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce hani kawai zai yi magani. An hana, an yi duka, an fasa manet, yaran sun koma gidan Play na bayan kasuwa inda ba mai ganinsu. Tun da za su buga, gara mu san me suke bugawa. A jikin kwalin kowane wasa da ya biyo ta Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Shekarun da suka dace ke nan. GTA da God of War da yaranmu ƴan shekara goma ke bugawa, 18 ke rubuce a kansu. Ko wanda bai yi lakol ba yana iya karanta wannan lambar.

Ku kuma masu gidajen Play, mun san lissafinku. Wasan ƙwallo minti goma ne an tashi wani ya zauna, kuɗi na shigowa, shi kuwa mai labari mutum ɗaya zai riƙe tele awa guda. Amma ku gwada ware tele ɗaya da safe ko da azahar lokacin da ba cunkoso, ku yi kuɗin awa, ku ajiye wa kowane yaro inda ya tsaya. Wanda ya fara labari zai dawo gobe don ya ga ƙarshensa, kuma ba a faɗa ko caca a kan Journey. In an kira salla a kashe tele, wanda ya zo da kayan lakol a lokacin aji a kore shi. Unguwa za ta fi ganin mutuncinku.

Shawararmu ga wanda zai fara: ɗauki ɗaya tak, kada ka tara. In kana da ƙane, ku nemi Brothers ko Never Alone ku zauna tare, in ya kakare ka bar shi ya yi tunani kafin ka karɓa. Ku sa wa kanku lokaci, bayan an gama aikin gida da karatu. In kun kai ƙarshe, ku kashe tele, ka tambaye shi me ya gane, ka ji abin da zai fito daga bakinsa. Daga nan sai a huta kwana biyu kafin a nemi na gaba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƴan jarrabawar BEPC da BAC sa'a, ya sa hutun nan ya ƙare lafiya.